Wadda Na Bari a Kan Benci

Ku da kuka zo koyon aiki bana, na ga takardar da aka ba ku. Tambayoyi ne a jere: gida, lakwal wato makaranta, abokai, taba, ƙwaya, saurayi ko budurwa, kowace da ɗan akwatinta a gefe inda ake sa alama. Jiya na leƙa ta labule na ga ɗayarku ta gama da yaro ɗan shekara sha shida kafin ruwan shayina ya tafasa. Duk abin da ta tambaya ya ce a'a, ita kuma ta yi ta sa alama, ta ce masa Allah ya ƙara sauƙi. Da ya zo wucewa ta gabana na ji warin hannun rigarsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda na koyi aikin nan, da inda na yi tuntuɓe a cikinsa.

Sunana Rabi, amma a nan Abidjan, daga Adjamé har Treichville, Tanti Rabi ake ce mini. A Treichville aka haife ni, mahaifina ɗan kasuwar atamfa ne. Na shiga wannan ƙaramin asibitin na Bromakoté, cikin Adjamé, a farkon shekarun casa'in, a matsayin mai taimaka wa ma'aikaciyar jinya. Ba don zurfin karatu aka ɗauke ni ba, don bakina ne: ina jin Hausa da Faransanci da Jula. Karatun da na yi nisa a cikinsa wani ne daban. Abokan cinikin Baba da ke zuwa daga Kano sukan cusa ƙananan littattafan soyayya a tsakanin dilolin kaya, ni kuma in kwashe. A cikin gbaka nake karanta su, motar hayar da ke tsallakar da ni gada daga Treichville zuwa Adjamé kowace safiya, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na wuce kasuwar Roxy, inda nake sauka, ban sauka ba, saboda jarumar tana kuka a bakin taga. Daga littattafan nan na ɗauko wani imani da na shigo da shi ɗakin awo: babu yarinyar da za ta rame, ko ta yi ƙiba, ko barci ya ƙaurace mata, face akwai wani zaune a zuciyarta.

Wadda ta koya mini aiki ita ce Madam Akisi, 'yar ƙabilar Baule, gajeriya, tabaronta ɗaure da zare. Ranar farko ta nuna mini kayan ɗakin. Ga sikeli wanda allurarsa ke farawa daga kilo biyu, sai ka riƙa cirewa da ka. Ga abin awon jini da ake naɗawa a dantse. Ga kuma wata tsohuwar fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Na ce mata akwai mai gyara a bayan gidanmu.

Ta ce, “Ranar da kika gyara fankar nan, ranar za ki bar aiki.”

Sai ta nuna mini bangon. Katako ne, bai kai rufi ba, a bayansa kuma bencin da iyaye ke zama yake. Duk uwar da ta kawo ɗanta, kunnenta na manne da katakon nan. Ƙarar fankar ita ce ƙofarmu. In uwa ta nace sai ta shigo, Madam takan aike ta sayen sabon karne, ɗan littafin da ake rubuta wa marar lafiya magani, ko da tsohon bai cika ba, don ta san layin tagar ba ya ƙarewa da wuri.

Yaro na farko da ta bar ni in yi wa tambayoyi sunansa Sani, yana lodin kaya a tashar mota ta Gare de Bassam. Ciwon kai ya kawo shi, da rashin cin abinci. Ya zauna ya ƙura wa bango ido, yana ajiyar zuciya. Na tambaye shi yana shan taba, ya ce a'a. Giya fa, ya ce wa'iyazubillahi. Na fito na raɗa wa Madam cewa na gano ciwon: son wata yake, ta ƙi shi.

“To, malamar soyayya,” in ji ta. “Zo ki kama masa hannun riga, zan auna jininsa.”

Na kama. Bakin hannun rigar ya bushe ya yi tauri kamar fata, yana warin shagon mai facin taya. Sholisho yake zubawa a nan yana shaƙa. Madam ba ta ce masa uffan a kan rigar ba. Tana matsa roba tana cewa da Faransanci, kamar hira, “Yaran tasha suna shan wahala. Me suke yi su jure nauyin buhunan nan?” Sai ga Sani yana ba da labarin abokansa, abin da suke shaƙa, inda suke saye, yadda kai ke sarawa in an kwana biyu ba a samu ba. Can a tsakiya bakinsa ya suɓuce daga “su” ya koma “mu”. Madam ba ta ko ɗaga kai ba.

A nan na koyi cewa ba a tunkarar yaro da kansa, ta abokansa ake bi, shi zai kawo kansa. Na kuma lura yaranmu da aka haifa a Abidjan, abin kunya ba ya fita daga bakinsu da Hausa. Hausa harshen gaban Baba ce. In kana son gaskiya ka sauya musu zuwa Faransancin titi, ka kuma sa idonka a kan sikeli, ba a kan fuskarsu ba.

Kada ku ɗauka littattafaina ba su taɓa yi mini rana ba. An taɓa kawo wata yarinya mai ciwon mara wanda ba ya tashi sai ranar Laraba. Madam ta duba ba ta ga komai ba. Ni na lura da turaren da ke jikinta, irin wanda 'yar mai sayar da ƙosai ba za ta iya saya ba. Na bi ta hanyar ƙawaye har ta faɗa: wani magidanci ne, sa'an ubanta, yake jiranta a mota duk Laraba, ita kuma ta fara jin tsoronsa, ciwon ƙarya take yi don kada ta fita. Muka raba ta da shi ba tare da unguwa ta ji ba. Daga ranar kaina ya kumbura. Na riƙe cewa zargi shi ne jarin aikin nan, kuma har gobe ban sauka daga kan wannan ba. Yaro zai yi maka ƙarya, uba zai yi, gwaggo za ta yi. Amma ranar da Madam za ta yi ritaya, tana tattara kofinta da takalmin aikinta, ta ce mini, “Ki zargi kowa, Rabi, har da kanki. Na ƙarshen nan kike mantawa kullum.” Na yi dariya na karɓar mata jaka.

Shekaru bayan tafiyarta, ɗakin ya zama nawa. Likita yakan zo ranar Alhamis kaɗai, kuma wanda na tura masa shi yake gani. Wata safiya, 'yan watanni kafin rikicin zaɓen da ya rufe gari, mutum uku suka shigo, dukansu 'yan layinmu a Treichville, iyalin Alhaji Garba, Bamaraɗen da ke shigo da kayan gini. A gaba ƙanwarsa ce, Gwaggo Lanti. A tsakiya 'yarsa Zuwaira, 'yar shekara sha biyar, wadda ke zuwa ta ɗaya a ajinsu. Can baya uwar yarinyar, Hajiya Abu.

Da ƙyar na gane Zuwaira. Na san ta siririya kamar sillen kara, har yaran layi na tsokanarta wai iska za ta ɗauke ta a kan gada. Yanzu kumatu sun cika sun yi sheƙi, ƙeya ta yi tozo, ciki ya turo riga. Hannu da ƙafa kuwa suna nan sirara yadda na san su.

Gwaggo Lanti ba ta jira an kunna fanka ba. “Rabi, duba mana ita. Wata uku ba ta ga al'adarta ba. Ni tara na haifa, ba a ɓoye mini wannan abin.”

“Gwaggo, a hankali, akwai mutane.”

“Mutanen ai sun riga ni gani!”

Hajiya Abu ta zauna a ƙarshen benci, ta juya fuska wajen titi. Na gaishe ta, na ce, “Hajiya, ya jikin yarinyar?” Ta ce, “Ga ta nan, ku kuka sani.” Zuwaira 'yar fari ce. Kun san al'adarmu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa. “Waccan” take ce mata tun tana zanen goyo. Na ji daɗi ma a raina, na ce ga uwar da ba sai an aike ta sayen karne ba. Sai na aiki Gwaggo sayen karnen. Uwar na bar ta a inda take.

Gwajin fitsari ya nuna babu ciki. Jininta ya hau fiye da na 'yar shekarunta, na ce tsoro ne. A cikinta da cinyoyinta akwai nankarwa masu faɗi, jajaye-jajaye. Na kunna fanka, na sa ido a kan sikeli, na koma Faransanci.

“Ƙawayenki na lakwal suna da samari?”

“Wasu.”

“Me suke yi don kada a samu matsala?”

“Ban sani ba, Tanti. Ba na tambayarsu.”

“Ke fa, wa ke raka ki bakin mota?”

“Je n'ai personne, Tanti. Ba ni da kowa.”

“Kina shan wani magani? Ko na ciwon kai?”

“A'a.”

“Barci fa?”

Ta ce barci ba ya zuwa mata. To, a duk littattafan da na karanta, wa barci ke guje wa? Da ta buɗe jaka za ta ciro karne, na hango littafin lissafi da sunan wani Serge a bangonsa. Kafin ta rufe jakar na gama rubuta labarin a kaina, da babinsa na farko har na ƙarshe. Yaro ne ba Musulmi ba, kyakkyawa, mai sanyin murya, suna haɗuwa a bayan ɗakin karatu. Ta san gidansu ba za a yarda ba. Tana sayen ƙwayar hana ɗaukar ciki a Roxy, wurin matan da ke baza magani a faranti kamar gyaɗa, ita ce ta ɗauke mata al'ada ta sa mata ƙiba. Komai ya zauna daram. Ban tura ta wurin likita ba, don na san zai rubuta abin da ya gani, takarda kuma tana da ƙafa. A ganina asirin masoya nake rufawa.

Da Gwaggo ta dawo na ce mata babu ciki. Ta ce, “To mene ne?” Sai na faɗi maganar da ba a faɗi a aikin nan. Na ce, “Ku ba ni lokaci, za ta faɗa mini.”

Kun ji abin da na yi? Na shaida mata akwai abin faɗa. Kafin magariba maganar ta isa kunnen Alhaji Garba, ya yanke hukunci: yarinya ta ƙarasa zangon karatun nan, in ba ta faɗi sunan wanda ya lalata ta ba, za a sa ta a mota zuwa Maraɗi wurin kakarta, lakwal ta ƙare ke nan.

Sau biyar aka kawo mini ita, kowane zuwa allurar sikeli na ƙara gaba. Na bi ta ƙawaye, na bi ta lallashi, har littafi na taɓa ba ta aro, wai ko za ta ga kanta a ciki ta yi kuka ta faɗa. Ta dawo mini da shi ta ce ba ta iya karanta Hausa sosai ba. Na tambaye ta Serge, ta ce wanda ke zama a bayanta ne, ta ari littafinsa don nata ya jiƙe. Na ce a raina, haka dukansu suke cewa. A zuwa na biyar ta dube ni ido cikin ido.

“Tanti, in na ƙirƙiro miki suna, za ku bar ni in yi jarrabawa?”

Na rubuta a karne cewa ta kusa faɗa. Duk zuwan nan biyar Hajiya Abu na ƙarshen benci, fuska a titi. In na fito in ce, “Hajiya, sai haƙuri,” ta ce, “Haƙuri ya zama dole.”

Sai mummunar shekarar ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, kuna yara amma kun ji ƙarar. Aka rufe asibitin nan, muka ja ƙofa da sarƙa. Gada ta gagari tsallakawa, wanda ke Treichville ya tsaya a Treichville. Aka ce Roxy, inda ba ka samun wurin sa ƙafa, ta koma fili, tebura a kife. Ni ina gida da abin awon jinina da 'yar jakar auduga, maƙwabta na zuwa ina duba musu abin da ya sawwaƙa.

Wata safiya da hantsi, da harbi ya lafa, aka buga mana ƙofa. Gwaggo Lanti ce, mayafi a hannu ba a ka ba.

“Rabi, fito! Yarinyar nan za ta mutu mana a ɗaki!”

Na tarar da Zuwaira a kan tabarma. Kwana uku tana amai, ko zama ba ta iya yi. Babu zazzaɓi, babu gudawa. Na naɗa mata abin awo, na matsa, na saurara. Jinin da na sani a sama ya faɗi ƙasa warwas, da ƙyar nake jin bugunsa. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce, “Zubarwa ta yi, ko?” Na ce babu cikin da za a zubar. Amma ni ma abin da ke raina bai fi nata kyau ba: na ce an raba ta da Serge, ta sha wani abu. Na duba ƙarƙashin katifa, na zazzage jakar lakwal, ina neman wasiƙar ban kwana. Takardun lissafi kawai na samu.

Madam Akisi tana zaune layi uku daga gidan Alhaji Garba, kusa da Gare de Bassam. Na bi jikin bango na je na ɗauko ta. Ta tsufa, tana dogara sanda, tabaron nan dai da zarensa. Ta durƙusa da ƙyar, ta ce wa yarinyar, “Yako, 'yata,” sannunsu ke nan ta nan ƙasar. Ta shafa kumatun, ta taɓa tozon ƙeya, ta ɗaga riga ta ga nankarwar, ta kama siririn hannun ta jinjina.

“Tun yaushe jikinta ya koma haka?”

“Wata bakwai, Madam.”

“Kin taɓa ganinta?”

“Sau biyar.”

Ta dube ni ta saman tabarau, kallon da ko da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sannan ta ce, “Ba abin da ta sha ne ke kashe ta ba. Abin da ta daina sha ne.” Ta ce akwai wata ƙwaya da likitoci ke ba masu asma da masu kumburi, matan Roxy kuma suna sayar da ita a matsayin maganin ƙiba. Tana cika fuska da ciki, ta ɗauke al'ada, ta hana barci, ta hau da jini. In jiki ya saba da ita wata da watanni aka yanke rana ɗaya, sai ya zube kamar buhun da aka zare wa ɗinki. Ta ce akwai likita ɗaya da ya rage a wani ɗan asibiti bayan tasha, allurarsa kuma 'yan kaɗan ne, ba zai fasa ɗaya a kan zato ba. Sai mun je masa da sunan ƙwayar, da adadin da ake sha, da ranar da aka daina.

Na sunkuya kan Zuwaira. “Don girman Allah ki faɗa, ranki ne. Wace ƙwaya?”

Leɓenta ya motsa. “Ban sha ba, Tanti.”

Madam ta juya wurin Gwaggo. “Wa ke ba ta abinci?”

“Tukunya ɗaya muke ci duk gidan.”

“Da safe fa, kafin ta tafi lakwal?”

“Kunu ne. Kullum tana tararwa a bakin ƙofarta a rufe.”

“Wa ke ajiyewa?”

Gwaggo ta waiga wajen madafa. Madam ta ce mini, “Ina uwar? Me ta ce miki da kika tambaye ta?”

“Madam, 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta…”

“Na sani. Na yi aiki da Hausawa tun ba a yaye ki ba. Ba ta faɗin sunanta. An ce miki ba ta ganinta ne?”

Hajiya Abu tana madafa, ta ba tsakar gida baya, tana wanke tukunyar da ta riga ta fita tas. Na jawo turmi na kifa na zauna kusa da ita, na fuskanci bangon da take fuskanta. Babu fanka, sai na bar ƙarar sosonta ta rufe mu. Da Hausa na yi mata, don ita Hausar ce harshen asirinta, amma hanyar ta Madam ce, wadda aka bi da Sani.

“Hajiya, na san wata mata a Adjamé. 'Yarta ta rame ƙwarai, dangin miji suka sa ta a gaba da gori, wai ba ta ba ta abinci.”

Soso ya ci gaba da tafiya.

“A wurin biki ma sai a nuna yarinyar da baki, a ce 'yar Abidjan ce, biredi ya shanye ta. Matar ta rasa yadda za ta yi. Na ji an ce irinsu sukan je Roxy.”

Soso ya tsaya. Ta yi magana, muryarta can ƙasa.

“Ita matar, ce mata aka yi bitamin ne. Na buɗe ciki.”

“Guda nawa take sawa?”

“Biyu, a daka a zuba a kunu. Da ta ga yana aiki sai ta mai da shi uku.”

“Yaushe ya ƙare mata?”

“Juma'ar da ta wuce waccan. Hanya ta rufe.”

Ta goge hannu, ta kwance bakin zanenta, ta ciro katin magani wanda aka ɓare duk ƙwayoyinsa, ta ajiye a kan gwiwata ba tare da ta dube ni ba. “Da wane baki zan ce mata ci abinci, Rabi? Ni da ko sunanta ban taɓa kira ba.”

Na ce, “Hajiya, wata bakwai ana zarginta. Me ya hana ki faɗa?”

“Ƙibar na san tawa ce. Ɗaukewar al'adar ban san daga nan take ba, har ni na fara zarginta.” Sai a lokacin ta juyo. “Kuma wa ya tambaye ni? Sau biyar na zauna a bencinki.”

A amalanken mai sayar da ruwa muka ɗora Zuwaira, muka lulluɓe ta da farin zane don masu bindiga su san marar lafiya ce, sai Gwaggo ta fizge zanen ta ce ba a yi wa mai rai haka, ta rufa mata mayafinta. Ni da Gwaggo muna turawa, Madam na biye da sanda da katin maganin a hannu. Likitan ya karanta bayan katin, ya ji adadi da rana, ya fasa allura nan take, ya ɗaura mata ƙarin ruwa. Wajen la'asar ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa. Bayan nan wata da watanni aka yi ana ba ta ƙwayar nan dai, ana ragewa kaɗan-kaɗan, har jikinta ya tuna aikinsa.

Saura Alhaji Garba, wanda har lokacin yana jiran hanya ta buɗe ya sa ta a motar Maraɗi. Na ce zan je in yi masa bayani, Hajiya Abu ta ce ba aikina ba ne. Gwaggo Lanti ce ta ba ni labarin, don tana laɓe a bakin ƙofa kamar yadda ta saba. Ta ce Hajiya ta shiga ta durƙusa, ta ajiye katin a gabansa, ta ce, “Alhaji, Zuwaira ba ta yi komai ba. Ni ce.” Gwaggo ta ce ba laifin ne ya sa Alhaji ya saki carbinsa ba, sunan ne. Shekara goma sha biyar bai taɓa jin sa a bakin matarsa ba. Ya yi faɗa, faɗa mai yawa, har ya kwana biyu ba ya cin abincinta. Amma maganar Maraɗi ba ta sake tashi ba. Da aka buɗe lakwal Zuwaira ta koma, siririya kamar da, nankarwar kuwa tana nan, ba ta gogewa.

Ba ta ƙara shiga ɗakina ba. In ba ta da lafiya wani asibitin take zuwa, ko da ya fi nisa. In mun haɗu a layi takan rusuna ta gaishe ni yadda ya kamata, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Sau ɗaya kawai ta tsaya, ina jiran mota a bakin hanya da littafi a hannuna.

“Tanti, kin samo shi kuwa?”

“Wa?”

“Saurayin nawa. In kin same shi ki ce ina gaishe shi, ya bar ni da wahala.”

Ta wuce abinta, ƙawayenta na dariya. Na sa littafin a jaka. Ban daina karantawa ba, kada in yi muku ƙarya, amma a gida nake barinsu yanzu.

Ku sake duba takardarku. Akwai akwatin taba, akwai na ƙwaya, akwai na saurayi. Babu akwatin wanda ke dama kunu, babu na wadda ta juya fuska wajen titi. Ku ci gaba da fitar da iyaye daga ɗaki, wannan doka tana nan, yaro ba ya magana a gaban uwarsa. Amma in kun gama da na ciki, wani ya fita ya zauna da ta waje, ya fuskanci inda take fuskanta, kada ya ambaci sunan ɗanta in na fari ne, ya ba ta labarin wata mata a wata unguwa.

Yaron jiya mai warin hannun riga, na bi shi har bakin titi na ce ya dawo ranar Laraba, ya zo da uwarsa. Wadda ta sallame shi ita za ta shiga da shi, ta kunna fanka, ta fara daga abokansa. Ni za ku same ni a kan benci.